TULUNAN MAƘWABTA: IKKILISIYA DA ƘANANAN YARA A LOKACIN ANNOBA

Nassi: 2 Sarakuna 4:1-7

Gabatarwa

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijeriya, a birnin Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa dokar zaman gida a Legas da Ogun da Abuja, ba a fara sassauta ta ba sai ranar 4 ga Mayu. Jihohi da yawa suka kafa tasu dokar, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, aka kulle majami'u. Masana lafiya sun lura cewa cutar ba ta cika tsananta wa ƙananan yara kamar yadda ta yi wa tsofaffi ba. Duk da haka yara sun sha wuya ƙwarai, domin abin da ya shiga gidajensu yunwa ce da bashi. Mai achaba da ba ya fita, da mai toya ƙosai da babu masu saye, da lebura wanda sai ya yi aikin yini ake ɗora tukunya, dukansu suna da 'ya'ya, kuma jariri bai san abin da ake kira dokar zaman gida ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a ranar 5 ga Mayu, 2023, cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Amma annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. An yi babbar mura a 1918, an yi Ebola a 2014, kwalara kuma takan dawo da damina. Saboda haka ya dace ikkilisiya ta tambayi kanta yadda ta yi da ƙananan 'ya'yanta a 2020, da kuma yadda za ta yi in wata ta sake zuwa. Labarin gwauruwar nan ta zamanin annabi Elisha yana da amsa.

1. Kuka ya kai kunnen da ya dace

Mijin matar nan bawan Allah ne, ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa. Ya mutu ya bar bashi, mai binsa bashin kuwa yana hanya domin ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Tsoron Allah da mijinta ya yi bai hana talauci shiga gidan ba, kuma yara ne za su biya abin da ba su ci ba. Haka ya faru a 2020. Iyalai sun ci bashi domin abinci, wasu suka sayar da keken ɗinki ko injin niƙa, wasu suka ba da 'yan mata ƙanana aikatau, wasu yara kuma da aka buɗe makarantu wajen watan Oktoba ba su koma ba.

Gwauruwar ta san inda za ta kai kukanta. Mata da yawa a yau ba su sani ba, musamman waɗanda suka baro garuruwansu suna zama a Legas, ko Ibadan, ko Fatakwal, inda babu rumbun uba, babu kaka, babu gwaggo. Ga irin waɗannan, ikkilisiya ce dangi. A Ayyukan Manzanni 6:1-7 an yi gunaguni domin ana tsallake gwauraye masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Wanda ba a san sunansa ba, shi ake mantawa. Ya kamata kowace ikkilisiya ta kasance da littafi mai ɗauke da gidajen da suke da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu ciki, da masu goyo, da gwauraye, da yara masu naƙasa, a raba su unguwa unguwa, kowace unguwa da dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata masu lura da ita. Ranar da aka kulle ƙofar majami'a, wannan littafi da wayar hannu za su ci gaba da aiki.

2. Abin da yake cikin gida

Elisha ya fara da tambayar matar abin da take da shi a gida. Ta ɗauka ba ta da kome, sai daga baya ta tuna da ɗan mai a kwalba. Taimako na gari yakan fara da nuna wa iyali abin da Allah ya riga ya sa a hannunsu.

Nonon uwa yana cikin gida. Masana lafiya sun ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, kuma ko a lokacin korona an ce uwa mai ɗauke da cutar ta ci gaba da shayarwa, ta wanke hannu, ta rufe hanci da baki. Masara ko gero da waken soya da gyaɗa, in aka soya aka niƙa tare, sukan zama kunu mai gina jikin yaron da ya wuce wata 6. Ganyen zogale a bayan gida yakan ƙara wa miya amfani. Ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zink sukan ceci yaro mai gudawa. Gidan sauro yakan kare shi daga zazzaɓi. Akwai uwaye a cikin Zumuntar Mata da suka san waɗannan abubuwa sarai, akwai kuma nas-nas da ungozomomi a kan bencin majami'a kowace Lahadi. Titus 2:3-5 ya ɗora wa manyan mata aikin koya wa ƙanana, wannan ma yana cikin koyarwar.

Katin rigakafi ma yana cikin gida. A 2020 tsoron asibiti da rashin mota sun sa iyaye da yawa suka fasa kai jarirai allura. Ana ba da rigakafi da haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, sa'an nan na ƙyanda a wata 9, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati na unguwa. Cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 ta fi kama yaran da ba su kammala rigakafinsu ba. Mai ziyara da ya shiga gida ya yi addu'a, ya kamata ya tambayi katin yaro kafin ya fita.

3. Tulunan maƙwabta

Allah yana da ikon cika gidan matar nan da mai ba tare da hannun kowa ba, amma annabin ya aike ta wurin dukan maƙwabtanta ta aro tuluna, ya kuma gargaɗe ta kada ta aro kaɗan. Maƙwabtan ba su ba da mai ba, ba su ba da kuɗi ba. Tulun da babu kome a ciki suka ara, Ubangiji ya yi aiki da shi. Babu mai bi da zai ce ba shi da tulu. Wata tana da mudun shinkafa da ya ragu. Wani yana da babur da zai kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Malamin makarantar Lahadi yana iya rubuta darasi a takarda ya aika gida gida. Matashi yana iya ɗebo wa mai jego ruwa ya ajiye a bakin ƙofa. Mai rediyo yana iya ara wa yaran maƙwabta a lokacin darasin makaranta, kamar yadda jihohi da dama suka watsa darussa ta rediyo a 2020.

Taimakon gwamnati da na manyan kamfanoni yana da amfani, kuma ikkilisiya tana da hakkin ta bi sawunsa domin mabukata. Amma kowa ya ga abin da ya faru a Oktoba, 2020, sa'ad da jama'a suka fasa ɗakunan ajiyar kayan tallafi a Bukuru da Legas da wasu garuruwa, aka tarar da buhunan abinci jibge watanni bayan tsananin kulle ya wuce. Abincin da yake nesa yakan makara. Yaro mai shekara 2 ba ya iya jiran wata 6.

Nassi bai ce maƙwabtan matar duka 'yan ƙungiyar annabawa ba ne. Galatiyawa 6:10 ya umarci masu bi su kyautata wa kowa, ko da yake ya sa 'yan'uwa cikin bangaskiya a gaba. Wajen shekara ta 252, da annoba ta auka wa birnin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, Bishop Sifiriyan ya gargaɗi ikkilisiya ta yi jinyar marasa lafiya har da waɗanda ba masu bi ba, alhali ba a daɗe da tsananta wa Kirista ba. Kwanon tuwo da ya ƙetare katanga zuwa gidan maƙwabci Musulmi shaida ce, kuma sau da yawa kwanon ba ya dawowa wofi.

4. Ƙofa a rufe

Annabin ya ce ta shiga ta rufe ƙofa, ita da 'ya'yanta. Bai tara jama'a su kalli talaucinta ba. A 2020 an ga masu ba da tallafi suna jera mata a rana, suna ɗaukar hotonsu riƙe da ledar shinkafa domin a sa a Facebook. Iyalai masu kunya sun gwammace su kwana da yunwa da su shiga irin wannan layi. Ubangiji Yesu ya hana busa ƙaho wajen sadaka a Matiyu 6:1-4. A kai taimako gida, ta hannun mutum biyu amintattu, a rubuta lissafi domin majalisar dattawa, a kuma riƙe sunaye a asirce.

A bayan wannan ƙofa yaran ne suke miƙa wa uwarsu tuluna. Sun ga alherin Allah da idonsu. Kulle ya haɗa iyaye da yara a ɗaki ɗaya dare da rana, inda babu kuɗi kuwa fushi ba ya nisa, mata da yara suka sha duka a gidaje da dama. Uban da ya tara iyalinsa domin sujadar yamma, ya gaya wa yara gaskiya cikin natsuwa, ya ba kowa ɗan aikinsa, ya kare su daga tsoro. Fasto da dattawa kuma, in sun buga waya, kada su tsaya ga tambayar abinci kaɗai, su tambayi zaman lafiyar gidan.

Kammalawa

Man bai tsaya ba sai da yaron ya gaya wa uwarsa babu sauran tulu. Iyakar tulunan da aka tara, ita ce iyakar abin da aka samu. Matar ta sayar da man, ta biya bashi, ita da 'ya'yanta suka rayu da sauran.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekarun ƙoshi (Farawa 41:34). Yanzu da kasuwanni suke buɗe, majami'u kuma suna cika, shi ne lokacin da majalisar kowace ikkilisiya za ta rubuta littafin iyalai, ta keɓe wani kashi na hatsin godiyar kaka domin gidaje masu ƙananan yara, ta buɗe asusun jinƙai mai lissafi a fili, ta kuma san ma'aikatan asibitin unguwarta tun ba a bukace su ba. Almasihu wanda ya tsawata wa almajiransa domin sun hana yara zuwa wurinsa (Markus 10:13-16) zai tambayi ikkilisiyarsa labarin waɗannan ƙanana.

Ubangiji ya ba jama'arsa zuciyar jinƙai da hikimar shiri. Amin.