Ɗana, Juya Cikin Wandon Kafin Ka Biya

Ɗana, zo ka zauna mu yi maganar wandon jins. Na daɗe ina kallon yadda kai da abokanka kuke zuba kuɗin guminku a kan wandunan da ba sa ganin sallah biyu. Yau an sayo, ana ta yaba shi, bayan wata uku gwiwa ta yi jaka, hantsa ta ɓarke, zif ya daina hawa, a jefa shi bayan ƙofa a koma kasuwa. Abin yana damuna, domin na san yadda kuke wahala kafin kuɗin su zo hannu, kuma ni ma an taɓa yi mini irin wannan cinikin.

Ina saurayi na tara kuɗin aikin sati uku na sayi wani wando a hannun wani ɗan kasuwa. Abin da ya ja ni gare shi wata ƙatuwar fata ce da aka manna a ƙugunsa, da sunan kamfanin waje a rubuce ɓaro-ɓaro. Ban juya cikinsa ba, ban ja ɗinkinsa ba. Kwana goma sha da sayensa na sunkuya zan ɗaga buhu, sai ji na yi ɗinkin baya ya tafi tun daga ƙugu har ƙasa. Da na kai wa wani tsohon tela, ya juya shi ya nuna mini: layi ɗaya tal aka bi, da zare siriri irin na ɗinkin ɗankwali, bakin yadin kuma ko kalmasa ba a yi masa ba. Ya ce da ni, "Yaro, suna ka saya, sunan kuma ga shi nan bai yage ba." Tun daga ranar ban sake biyan kuɗin wando ba sai na ga cikinsa.

Ka fara sanin cewa wandon nan ba don gayu aka ƙirƙiro shi ba. Wani tela ne mai suna Jacob Davis, a garin Reno na jihar Nevada a Amurka, yake ɗinka wa masu aikin ƙarfi wanduna, ya lura bakin aljihu ne kullum yake fara yagewa. Sai ya shiga dasa 'yan ƙusoshin jan ƙarfe a kusurwoyin aljihun. Da ya ga abin ya karɓu, ya nemi haɗin gwiwar ɗan kasuwar da yake sayen yadi a wurinsa a San Francisco, wato Levi Strauss, suka sami takardar mallakar wannan fasaha a ranar 20 ga Mayu, 1873. Ka ga ke nan 'yan ƙarafan da kake gani a bakin aljihu suna da aikin yi. In ka sa farce ka ji suna motsi, ko ka juya ciki ka tarar ba su huda yadin sun fito ta baya ba, to manna su aka yi don a ruɗe ka.

Sai yadin kansa, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka sosai. Kakanninka sun san zare da abawa: zare shi ne na tsaye a masaƙa, abawa ita ce ake ratsawa a kwance. Yadin jins na ainihi, zaren tsayensa ne kaɗai ake rinawa da shuni, abawar a bar ta fara. Wajen saƙa, zaren yakan haye abawa uku ya nutse ƙarƙashin ɗaya, shi ya sa fuskar wandon take shuɗiya, cikinsa kuma fari-fari, kuma in ka kusanto da shi ido za ka ga 'yan layuka suna gangarowa a karkace. In aka miƙo maka shuɗin wando ka ga ciki da waje launi ɗaya ne, sumul babu waɗannan layuka, ka san wani yadi ne aka tsoma a rini aka laƙaba masa sunan jins.

Shunin nan ba baƙonmu ba ne. Shi ne dai launin da marina suke fitarwa daga ganyen baba a Ƙofar Mata a Kano tun kaka da kakanni, sai dai masana'antu yanzu da na haɗi suke aiki, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. Halinsa ɗaya ko na ganye ko na haɗi: ba ya shiga cikin zuciyar zare, a bayansa yake kwanciya. Saboda haka kada ka tsorata in sabon wando ya ɗan zuba a wankin farko da na biyu. Kuma saboda haka ne wandon kirki yake ƙara kyau in ya tsufa, shunin yana goguwa a hankali a cinya da gwiwa da inda kake sa waya, farin ciki yana leƙowa, har wandon ya ɗauki siffar mai shi.

Ɗauke shi a hannu ka ji nauyinsa. Masu sana'ar suna auna yadin da oza a kan kowane yadi murabba'i. Mai oza 12 zuwa 14 shi ne tsaka-tsaki mai jure aiki. Da zafin ƙasarmu, wanda ya kai 11 ko 12 ya ishe ka, ba sai ka ɗora wa kanka tamfol a watan Afrilu ba. Amma wanda ka ɗaga wa rana ka hango haske yana ratsa shi, ajiye shi. Ka kuma yi hattara da taurin sitaci, domin akwai yadin da ake ƙandarar da shi ya yi kamar mai kauri, ruwa na taɓa shi ya koma tsumma. Murza shi tsakanin yatsu, in ka ji jiki a ƙarƙashin taurin to akwai auduga.

Nemo 'yar takardar da ke liƙe a ciki ka karanta. Auduga 100 cikin 100 ita ce ta fi daɗewa. In kana son wanda yake ɗan saki, mai auduga 98 da roba 2 ba laifi. Abin gudu shi ne mai leda da yawa. Yana riƙe zafi, yana tara wari, sannan in aikinka walda ne ko kanikanci, tartsatsin wuta na sauka a kansa narkewa zai yi ya manne maka a fata. Mai roba da yawa kuma, robar ce take fara mutuwa, sai ka ga gwiwa ta zazzago, yadin ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa.

Yanzu juya shi gaba ɗaya, kada ka ji kunyar mai kanti. Bi ɗinkin da ya taso daga ƙafa ɗaya ya ratsa hantsa ya sauka ɗaya ƙafar. Wandon kirki a nan an naɗe bakin yadin cikin juna an bi shi da layi biyu. Kama gefe da gefe ka ja; in ka ga haƙoran zare sun bayyana, ba zai kai ka ko'ina ba. Duba maɗaukan bel, ko an danne bakinsu da ɗinki mai kauri. Zura hannu cikin aljihu ka ji ƙyallen da aka yi jakarsa da shi, don a nan masu ha'inci suka fi yin rowa, kuma ta nan makulli da canji suke zubewa. Zif ka ja shi sama da ƙasa sau uku. Na ƙarfe ya fi, wanda aka rubuta wa YKK kuma an san shi da aminci, ko da yake shi ma ana buga jabunsa.

Wataƙila za ka ci karo da wandon da in an naɗe ƙafarsa ake ganin farin baki mai jan zare a tsakiya. Wannan saƙar tsohuwar masaƙa ce mai ƙoshiya, wadda take rufe bakin yadin da kanta, kamar dai yadda ƙwaryar saƙi ta masaƙanmu take fitowa da bakinta a rufe. Babbar masaƙar irinsa a Amurka, White Oak ta kamfanin Cone Mills a garin Greensboro, ta rufe a ƙarshen 2017, yanzu mutanen Japan ne suka yi suna da shi, musamman a Kojima da ke yankin Okayama. Yana da tsada, kuma ba dole ba ne sai shi. Na ambata maka ne don kada wani ya ɗinka jan ƙyalle a gefen wandon banza ya ninka maka kuɗi.

Wanda aka yayyaga tun daga kamfani kuwa, ko aka koɗar da cinyarsa, ina roƙonka ka bar shi. Rabin ransa an riga an cinye kafin ya iso gare ka. Kuma akwai haƙƙin mutane a ciki: an daɗe ana koɗar da irin waɗannan ta hanyar fesa musu yashi da iska mai ƙarfi, ƙurar tana shiga huhun ma'aikata, samari irinka suka riƙa kamuwa da ciwon huhun da ba ya warkewa, har gwamnatin Turkiyya ta haramta aikin a 2009.

Kada ka raina gwanjo. Sau da yawa tsohon wandon kirki a Ƙofar Wambai ya fi sabon jabu da ke rataye cikin gilashi, domin shi ya riga ya sha wanki, duk abin da zai yi na shan ruwa ya gama. Je da wuri lokacin da ake fasa dila. Ɗaga hantsarsa ga rana, nan ne yadin yake fara sirancewa, sannan ka duba bakin ƙafa ta baya inda takalmi yake ci.

In akwai halin gwadawa, sa shi ka tsuguna, ka sunkuya, ka zauna irin zaman tahiya. Wandon da zai hana ka sujada cikin natsuwa, ko ya zame ya bar bayanka a waje a sahun salla, ba naka ba ne ko nawa aka rage maka. In babu wurin gwaji, tafi da tsohon wandonka da ya yi maka daidai ka ɗora su ƙugu da ƙugu, cinya da cinya. Lambar da ke jiki ba abin dogaro ba ce, 32 ɗin wani kamfani 34 ɗin wani ne.

In Allah ya haɗa ka da nagari, ka riƙe shi da kyau. Ba kullum ake wanke jins ba. Ranar wanki ka juya cikinsa, ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ka gaya wa mai wanki kada ya sa masa burushi ko sinadarin fari, a shanya shi a inuwa. Da zarar ka ga hantsa ta fara haske, kai shi wurin tela tun bai huje ba, ya sa ƙyallen auduga ta ciki ya bi shi da shuɗin zare layi-layi a jere. In an yi aikin da kyau, sai wanda ya juya wandon ne zai san an taɓa shi.