Wa Zai Yi Magana da Yawunmu Gobe?



Ya 'yan'uwa, duk mako motoci na sauke mana samari daga Arewa. Wannan ya kama dako a Bodija, wancan acaɓa, wani gadi, wani tura ruwa. Ƙarfi akwai, amana akwai. Amma da yawansu ba sa iya karanta takardar da ake miƙa musu su dangwala yatsa, ba sa jin Yarbanci, kuma in an kama ɗaya ba ya sanin ƙofar da zai buga.

Ba mu manta da Shasha ba. A watan Fabrairun 2021, gardama ce tsakanin mutane ƙalilan ta zama gobarar da ta ci shaguna da rayuka. A irin wannan rana ake neman wanda ya iya harshen maƙwabci, ya san hukuma, ya iya danne fushi. To, irin wannan mutum ba a ranar ake yin sa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Manzon Allah (SAW) ya nuna mana hanya. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ya iya rubutu amma ba shi da kuɗin fansa, sai ya koya wa yara goma na Madina rubutu, a sake shi. Ya kuma umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. Annabi Yusuf (AS) ma baƙo ne a Masar, ilimi da amana ne suka kai shi ga riƙon rumbunan ƙasar.

Saboda haka kwamitin masallaci ya buɗe aji bayan sallar Isha'i, Asabar da Lahadi: karatu da rubutu, lissafin ciniki, Yarbanci da Turancin kasuwa. Dattawanmu kuma za su zauna da matasa su koya musu yadda ake sulhu da yadda ake tsayawa gaban hukuma cikin ladabi.

Alhazai iyayen gida, ku saki yaran shago awa ɗaya, ba za ku yi asara ba. Iyaye mata, ku tura 'ya'yanku. Wanda ya iya, ya zo ya koyar, sadaka ce mai gudana. Mai son shiga ya ba da sunansa bayan sallar Juma'a.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci nemanmu. Amin.

Sakataren Masallaci