Furar da Aka Yanka da Wuƙa

Ranar walimar gama jami'ar 'yar ƙanwata a Samaru, an ajiye wata ƙwarya a tsakiyar teburi, faifai jingine a gefenta, ludayi a tsaye a ciki. Fura ce da nono, har da 'yan gudajin nan da ba su gama damuwa ba. Gwaggo, wadda tun hantsi take mitar ba a ba ta komai ba sai lemon kwalba, ta miƙa hannu ta kama ludayin. Sai ya karye mata a hannu. Ta dubi guntun, ta ɗago ta dube ni.

"Kai ɗan nan, wannan wace irin fura ce?"

"Gwaggo, kek ne."

"Ƙwaryar fa?"

"Ita ma kek ce. Har faifan."

Ta ce, "Ikon Allah," ta goge yatsunta da gefen mayafi, ta koma kan tabarmarta.

Gaskiya wadda ta yi aikin ta iya. Zanen da masu sassaƙa suke yi wa ƙwarya da wuƙa mai zafi, ta fitar da shi tsaf, har da ɗan tsagun da aka ɗinke a baki kamar na tsohuwar ƙwaryar da ta sha hannu. Abin da ta yi amfani da shi suna ce masa fondan: garin sukari ne da ake kwaɓawa ya yi danƙo, a murza shi ya yi faɗi kamar ƙyalle, a lulluɓe kek da shi, a rina, a zana. Ba abin mamaki ba ne a samu irin wannan hannu a Zariya. Garin nan ne ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu a 1958, kuma har gobe sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye masu ido da hannu.

Yayin irin wannan kek kuma ba daga nan ya taso ba. A 2020, lokacin da annoba ta kulle mutane a gida, bidiyon wata mai yin kek 'yar ƙasar Turkiyya ya karaɗe intanet: a nuna maka takalmi, a sa wuƙa, sai ka ga kek ne. Zuwa 2022 har Netflix ta ɓullo da gasa sukutum a kan haka. Daga nan ya gangaro wayoyin 'yan matanmu. Yanzu daga PZ a Sabon Gari zuwa bakin ƙofar jami'a ana yin kek mai siffar jakar hannu, da na allo saboda sauka, da na hular 'yan digiri.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne bayan an gama ɗaukar hotuna. Da aka sa wuƙa, ta nutse kaɗan sai ta cije. Ashe saman ne kawai kek. Ƙasan ƙwaryar farin soson nan ne da ake tokare talabijin da shi a cikin kwali. Ɗan abin da aka samu aka rarraba, kowa ya ɓare fondan ɗin ya ture gefen faranti saboda zaƙinsa ya yi yawa, yara kaɗai suka lashe. Kuɗin da ƙanwata ta biya kuwa ya isa a dama furar gaske a shayar da layin nan kaf. Gani ba ci ba, in ji Hausawa.

Na hau keke-napep ina shirin yi wa zamani faɗa a zuci, sai ɗakin mahaifiyata ya faɗo mini. Kwanukan jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, samira da tangaran da fanteka masu furanni, waɗanda tuwo bai taɓa shiga cikinsu ba. Mu yara taɓa su ma laifi ne. Na tuna garar aure, yadda mata suke kwana biyu zuwa uku suna naɗe dubulan, suna murɗa alkaki, alhali da sun mulmula ƙullin kawai sun jefa a mai, ɗanɗanon bai canza ba. Tuwon madara ma yau ana yanka shi da siffar zuciya da tauraro. Ashe ba mu da bakin cewa ƙawa a kan abinci baƙuwa ce. Sai dai dubulan ana cinye shi har ɓurɓushi. Kwanukan jere kuma asusun mace ne. In gari ya yi zafi takan sauke biyu ta aika wa dillaliya, a sayi hatsi. Fondan da soso, washegari bola suka nufa.

Wanda ya ƙarasa warware mini zancen wani mai lemo ne a bakin kasuwar Sabon Gari. Na sha wuce shi da baronsa ban taɓa tsayawa na kalli hannunsa ba sai ran nan. Yakan riƙe lemon da hagu, ya ɗora 'yar wuƙarsa wadda wasawa ta cinye har ta zama siririya, sai ya riƙa juya lemon, wuƙar tana nan inda take. Ɓawon ya riƙa saukowa zare guda, kore, yana nannaɗewa, bai tsinke ba har ƙarshe. Abin da ya rage a hannunsa fari ne tas, da layuka a jere kamar an zana da ma'auni. Ya yanke ɗan murfi a sama, ya ɗora shi kan 'yan'uwansa, uku a ƙasa ɗaya a kai. Wasu abokan sana'arsa sun koma ɗan injin nan da ake wanawa da hannu, shi ma yana fitar da layin, amma shi ya ce wuƙarsa ta fi masa sauri.

Na ce, "Malam, duk wannan kwalliya saboda a saya ne?"

Ya yi dariya. "Alhaji, wace kwalliya? In na bar koren, ya ƙona maka leɓe. In na zurfafa, ya fashe maka a riga."

Shi ke nan fa. Man da ke cikin koren ɓawo shi ne mai raɗaɗi, dole a cire shi. Farin da ke ƙasa shi ne kofin, dole a bar shi da kauri ɗaya ko'ina, domin in ka matsa ruwan ya bi ta sama kawai. Kyan da na tsaya ina kallo bai nufe shi ba ma. Biyo aikin ya yi. Ko zaren ɓawon da ya rataya a hannun baro ba ado ba ne kaɗai, akwai masu karɓa su shanya su riƙa turarawa saboda sauro. Lemon kansa, wanda akasari daga Binuwai ake kawo shi, kore ne ko ya nuna, domin darenmu ba ya sanyin da zai juya launin ɓawon. Wanda ya biye wa ido zai ce ɗanye ne.

Mutanen Japan suna da sana'ar abincin bogi tun tuni. Wani Takizo Iwasaki ya kafa kamfaninta a Osaka a 1932, da kaki aka fara, daga baya aka koma roba. Ana jera su a tagar gidan abinci domin mai shigowa ya ga girman farantin da abin da ke ciki kafin ya zauna. Wato ko bogin nasu alkawari ne: abin da ka gani shi za a kawo maka. Da mai kek ɗinmu ta ce wa ƙanwata kashi biyu cikin uku soso ne, da babu wanda zai ji an yi masa wayo.

Ido kuma ba sayen banza kaɗai yake sa mu ba, yana hana mu na kirki. A hanyar Sakkwato, nan Samaru, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona wadda tushenta ya koma 1922, ta shiga ƙarƙashin jami'a a 1962. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa, sunan Samaru ne a goshinsa. Cikin masarar da suka fitar akwai mai ruwan lemo, wadda launinta alama ce ta sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, abin da yara ke buƙata saboda ido da garkuwar jiki. Amma je ka kai wa uwargida garinta ka ce ta tuƙa wa baƙi. Mu tuwo in ba fari ba ne sol, gani muke kamar an gaza. Mun yarda a zuba kala a sukari mu biya da tsada, wadda Allah ya halitta a ƙwaya kuma muna ɗaga mata hanci. Ni ma da nake wannan magana farin nake ci a gidana.

Da la'asar na koma Samaru da lemo takwas a leda. Na tarar an share tsakar gida, soson nan yana hannun yara suna ƙwallo da shi. Gwaggo ta riga ta aiki wani yaro bakin titi wajen 'yar Fulani, ta zauna da kwanon sha tana dama abinta da ludayin duma. Na miƙa mata lemo ɗaya. Ta karɓa ta juya shi, ta ɗan latsa da babban yatsa, ta kai hanci ta shinshina.

"Wannan dai na gaske ne ko?"