Kwikwiyon Da Ka Kawo Gida Abokin Aikinka Ne

Kai mai gadi da ke kwana a bakin kanti, kai manomi mai rumbu a bayan gari, kai makiyayi, kai maharbi, da kai mai gareji da ɓarayin batir suka hana sakat: ranar da ka kawo ɗan kwikwiyo gida, ka ɗauki abokin aiki ke nan. Ku ne kuka fi kowa sanin zafin a sa mutum aiki a hana shi haƙƙinsa. To, abin da ba ku so a yi muku, kada ku yi wa dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Kada kowa ya sa ka jin kunya. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama kuma sun haɗa da tsaron gida in akwai bukata. Suratul Ma'ida ta halatta naman da horarren kare ya kamo wa mai shi. Mun kuma taso muna jin hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Ware wa karenka kaskonsa da makwancinsa nesa da tukunya da wurin salla, sannan ka riƙe shi tsakani da Allah.

Kada ka raba shi da uwarsa kafin ya cika sati takwas, domin a nono yake samun kariyar farko. In ya zo hannunka, ƙanzo da ragowar tuwo kaɗai ba za su gina shi ba. Ba sai ka sayi abincin gwangwani ba, ɗan'uwa. Busasshen kifi, dafaffen ƙwai, wake da ya nuna lugub, tarkacen nama daga wurin mahauta a tafasa, duk aljihunka zai iya, a ba shi kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini. Albasa tana lalata masa jini. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Masu zuba wa kare barkono wai don ya yi zafi, cikinsa kawai suke ƙonawa.

Akwai abin da ke ƙona mini rai duk bazara: kare ɗaure da guntuwar sarƙa a jikin turke, rana ta take tsaka, ƙasa ta yi zafin da ba ya iya ajiye tafin ƙafa, harshe a waje, kasko a kife babu ɗigon ruwa. Da dare kuma a ce shi zai tsare dukiya! Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa rana ke saurin kayar da shi. Tsohon kwano biyu da kara sun isa rumfa. Ruwa kuwa kada ya yanke masa.

Kowace yamma ka duba cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, nan kaska ke maƙalewa. Ɗaga leɓensa ka kalli dasashi: in ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, ko kaska ko tsutsar ciki. Kada ka shafa masa baƙin mai ko fiya-fiya, ta fata suke shiga su kashe shi, kuma kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. In ka ga amai da zawo mai jini, kada ka kwana, nemi likitan dabbobi.

Yanzu ga babbar magana, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaranmu ke nan, masu wasa a lungu, masu tsokanar kare su gudu, su ɓoye cizon don tsoron faɗa. Da zarar alamu sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Alhali rigakafin ba sabo ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara tara da allurarsa a Faransa, kuma ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya. A nan gida, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Kun ga ashe maganin yana hannunku, ku masu karnuka, kafin ya kai ga asibiti. Kwikwiyo ya cika wata uku, a yi masa, a riƙa maimaitawa duk shekara, ka adana katin.

In kuwa an yi cizo, ko da yaƙushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a wuce asibiti a ranar. Ba toka, ba jiran gobe.

Horo kuma tun yana ƙarami ake yinsa, da murya ɗaya da ɗan tukuici, ba da sanda ba. Karen da ya tashi da duka tsoro yake koya, matsoraci kuwa shi ke cizon ɗan maƙwabci ya bar ɓarawo. Dubi Abzinawan yankin Azawak a Nijar da Mali: dogon karensu mai siririn ƙugu a cikin zango yake tashi tare da iyali, yana tsaron garke yana farauta, har Turawa suka ɗauki irinsa zuwa ƙasashensu. Riƙo ne ya kai shi nan. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai an ciyar da shi an koya masa.

Na san kuɗi ya yi wuya, na san kuna dawowa a gajiye. Amma mutumin da ya iya kiwon rago har Layya, ya san lokacin dusa da lokacin allura, ba kwikwiyo ne zai gagare shi ba. Ku haɗa kai a unguwa: Sarkin Baka ya tara maharbansa, masu gadin kasuwa su yi magana da shugabansu, a je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a roƙi malamin allura ya zo rana guda, kowa ya fito da nasa a igiya. Kai da ka fara karanta wannan, kai za ka kai maganar majalisa yau da daddare.