Kujera Ɗaya, Jama'a Da Yawa

Duk lokacin da aka gama ƙirga ƙuri'u, akwai tambayar da ta cancanci mu yi wa kanmu: wanda gwaninsa ya faɗi, wa zai yi magana da yawunsa a majalisa?

Tsarin Mulkin 1999 ya ba Majalisar Dattawa kujeru 109, ta Wakilai kuma 360. Takwas daga cikin na Wakilai na Jihar Kebbi ne, ɗaya kuwa ita ce tamu ta Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu. Ƙa'idar ita ce, wanda ya fi yawan ƙuri'a, ko da guda ɗaya ce, shi zai ɗauki kujerar ɗungum. Mu ɗauka mutum 100 suka yi zaɓe: 40 suka bi wannan jam'iyya, 35 waccan, 25 wata. Mai 40 ya tafi Abuja, mutum 60 sun koma gida hannu banza. In haka ta faru a mazaɓu da yawa, jam'iyya tana iya cika majalisa alhali yawancin jama'a ba su zaɓe ta ba.

Akwai wata hanya. Tun daga 1993 maƙwabtanmu na Nijar suka riƙa raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, har suka ware takwas domin ƙananan ƙabilu irin su Tubawa da Gurmawa. Wannan ya fi kama da rabon gado, kowa da kasonsa. Amma shi ma da aibinsa. Manyan jam'iyya ke rubuta jerin sunaye, manomi kuwa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba ranar da gada ta karye. Kuma kyan rabon bai hana sojoji rushe majalisar a 2023 ba.

Ashe lissafi kaɗai ba ya haifar da adalci. Mu tuna da sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. Da masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni ba su ce ai ku tsiraru ne ba. Jama'a ta zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenawa, aka danƙa musu aikin. Masu rinjaye suka matsa, marasa rinjaye suka sami wurin zama.

A ƙasar Zuru, inda Dakarkari, Fakkawa, Dukkawa, Hausawa da Fulani, Kirista da Musulmi, ke cin kasuwa ɗaya, kujera amana ce, ba ganimar yaƙi ba. Wanda ya hau ta, waɗanda suka ƙi shi ma suna binsa bashi: rijiya, makaranta da kunnen sauraro. Mu masu zaɓe kuma, kada mu ce wa namu ya manta da ƙauyen da bai ba shi ƙuri'a ba. In muka yi haka, gobe rabon zai juyo, mu ne za a tsallake.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa. Amin.