Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Ina Adalci a Jarrabawa?

Mun tashi mun tarar adalcin jarrabawa shi ne a ba kowane ɗalibi tambaya iri ɗaya. To, ga wata jarrabawa ta kwamfuta da ta saɓa wa wannan. Idan yaro ya amsa daidai, sai ta miƙo masa tambaya mai wuya. Idan ya kuskure, sai ta sassauta. Haka za ta yi ta lalube har ta gano inda saninsa ya tsaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1905 Alfred Binet da Theodore Simon suka tsara gwaje-gwaje 30 a Faransa, daga masu sauƙi zuwa masu wuya, domin gano yaran da ke bukatar taimako. Yau makarantun Amurka da dama na yin jarrabawar MAP sau biyu ko uku a shekara, don ganin ci gaban yaro. An gina ta ne yadda kowa, haziƙi ko mai rauni, zai ci kamar rabin tambayoyin.

Abin tambaya a nan shi ne, an yi adalci kuwa, tun da yara biyu ba abu ɗaya suka amsa ba? A ganinmu an yi. Tambayar da ta fi ƙarfin yaro ba ta nuna komai sai gazawarsa, wadda ta yi masa sauƙi ainun kuwa ruɗinsa take yi. Malamin allo ya san haka tun tuni: ba ya yi wa almajiri ƙari sai ya biya na jiya.

Amma fa akwai gyara. Malam yana kallon fuskar almajiri, ya san ranar da yunwa ko tsoro suka sa shi tuntuɓe. Na'ura amsa kawai take gani, ba ta ganin dalili. Saboda haka makinta ishara ce ga malami, ba hukunci ba ne a kan yaro. Ranar da aka mai da shi tambarin "daƙiƙi", an ci amanar awon.

Mu ma marubuta sai mu yi wa kanmu faɗa. Idan sabon marubuci ya kawo rubutu, kada mu auna shi da mudun manya, kada kuma mu yaba don kara. Mu nemo inda ya tsaya, mu ɗora shi gaba kaɗan. Allah Ya sa mu dace.