Wa Ke Ɗauke da Rumbun?

Bara da rani motata ta yi kwana 11 a garejin wani makanike a nan Damagaram, saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsana ba. Inji lafiya lau, tayoyi huɗu lafiya, amma ba halin tashi. Aka aika Maraɗi, babu. Aka aika Kano, aka ce mai kayan ya yi tafiya, sai ya dawo. Kullum da la'asar nakan je in zauna a benci ina kallonta kamar mai jinya. A wannan zaman ne tunani ya ɗauke ni: idan ɗan ƙarfe guda ya zaunar da mota ɗaya da ta riga ta ƙeru, masu ƙera dubbai a rana fa, da wane ido suke barci?

Mota ɗaya tana da sassa wajen 30,000 idan aka ƙirga har da ƙananan notuna. Kamfanin da sunansa ke goshin motar ba shi ke ƙera yawancinsu ba. Saye yake a wurin wasu, su ma su saya a wurin wasu, haka abin ke gangarawa har ya kai ga mai haƙar ma'adini a rami. Ɗaya ya makara, duka sun makara. Hankali zai ce maganin wannan shi ne ajiya: ka cika sito da kayan wata biyu ko uku, ka huta. Haka kuwa manyan kamfanonin Amurka suka daɗe suna yi.

Toyota ta Japan ta bi wata hanya, kuma talauci ne ya koya mata. A 1950 saura ƙiris ta durƙushe, sai da ta sallami ma'aikata da yawa. Ba ta da kuɗin da za ta binne a sito. Wani injiniyanta, Taiichi Ohno, ya lura da yadda manyan kantunan Amurka ke aiki: mai saye ya ɗauki abin da yake so a kanta, sai a mayar da daidai abin da aka ɗauka. Ya ce haka za a yi a masana'anta. Kada kowa ya ƙera abu sai na gabansa ya nema. Aka riƙa liƙa wani kati a jikin kowane akwatin kaya, suna kiransa kanban. Akwati ya ƙare, katin ya koma baya, shi ne umarnin a kawo wani. A ganin Ohno, tarin kaya a sito ɓarna ce, kuma mayafi ne da ke rufe aibu: muddin akwai ajiya, injin da ke yawan lalacewa ba ya damun kowa. Sannu a hankali tsarin ya fita daga masana'antar ya kai ga masu kawo mata kaya, har ya zama ana kawo wasu sassa sau da yawa a rana, su sauka daga babbar mota su wuce kai tsaye jikin motar da ake haɗawa.

Ni jikan manoma ne. A gidanmu rumbu mutunci ne. Magidancin da rumbunsa ya ƙare kafin damina ba ya ɗaga murya a fada. Saboda haka da na fara fahimtar wannan tsari, ganganci na kira shi. Daga baya na canza magana, na ce amana ce: mutum ya rushe rumbunsa don ya yarda maƙwabci zai kawo masa hatsin kowace safiya. Yanzu kuma tambayar da ta hana ni sakat ita ce, shin rumbun ya rushe da gaske, ko dai an ɗauke shi ne an ɗora a kan wani?

Bari in fara da labarin da ke goyon bayan amana, don kada a ce na yi son kai.

Da asubahin Asabar, 1 ga Fabrairu 1997, gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin a garin Kariya. A nan ake ƙera wani ɗan bawul na birki, wanda ke daidaita ƙarfin da ke zuwa ƙafafun baya don kada mota ta zame. Girmansa kamar kwalin taba, kuɗinsa ƴan daloli. Amma kusan duk motocin Toyota daga wannan wuri guda suke samunsa, kuma abin da ke hannu bai wuce na ƴan kwanaki ƙalilan ba. Lokacin ma ya zo da muni, domin a watan Afrilu za a ƙara harajin saye a Japan daga kashi 3 zuwa 5, mutane suna rububin sayen mota kafin ƙarin. Kafin tsakiyar mako layukan Toyota sun tsaya cik. Masu lissafi suka ce sai an yi makonni.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Aisin ta rarraba zanen bawul ɗin, wato sirrin sana'arta, ga duk wanda ya ce zai gwada. Kamfanoni fiye da 200 suka shiga aikin, kusan 60 daga cikinsu suka ƙera bawul ɗin da hannunsu, yawancinsu ba su taɓa yin irinsa ba. Har da Brother, mai ƙera keken ɗinki. Suka yi ta neman baƙin rodi da injuna, wanda ya gano dabara ya sanar da sauran. Ba wanda ya tsaya sai an sa hannu a takarda, ba wanda ya ce nawa za a biya ni. Cikin mako guda motoci suka ci gaba da fitowa. Toyota ta yi asarar motoci wajen 70,000. Bayan ƙura ta lafa Aisin ta biya kowa abin da ya kashe, Toyota kuma ta ƙara wa masu kawo mata kaya kashi 1 cikin 100 na cinikin da suka yi da ita daga Janairu zuwa Maris, har da waɗanda ba su taɓa bawul ɗin ba amma tsayawar aiki ta shafe su.

Wani zai ce ai ba don kirki suka yi ba, in Toyota ta tsaya su ma sun tsaya. Gaskiya ne, gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta. Amma ni ban ga wannan ya rage komai ba. Yawancin amanar da ke tsakanin mutane haka take, da buƙata a cikinta. Abin dubawa shi ne, me ya sa suka yarda su fara aiki ba takarda? Don sun san daga shekaru masu yawa cewa ba za a ci su da dare ba. Wannan sanin shi ma ajiya ne, an daɗe ana zuba shi, ranar gobara aka ɗiba.

To amma labarin yana da ɗaya fuskar. Tun a 1977 aka tayar da maganar kanban a majalisar dokokin Japan, ana ƙorafin cewa ƙananan masu kawo kaya ne ke shan wuyarsa. Dalilin a fili yake. Idan babba ya ce kawo mini akwati goma da ƙarfe tara, wasu goma da azahar, kuma gobe yana iya cewa bakwai ko goma sha biyar, ƙaramin da ke tsoron makara me zai yi? Ajiya zai yi a boye, da kuɗinsa, a ɗakinsa. Ko ya sa direbansa ya kwana a bakin ƙofar masana'anta yana jiran sa'a ta cika. Sito na babba fes, littafin lissafinsa fes, ana yaba masa a jaridu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da tsarin ya ƙetare teku kuwa, wasu rabinsa suka ɗauka. A 1992 General Motors ta ɗora José Ignacio López a kan sayayyarta. Ya buɗe kwangilolin da aka riga aka ƙulla, ya sa aka sake takara, ya matsa a rage farashi sosai. Masu kawo kaya suka yi kukan cewa ana nuna wa abokan gasarsu zanensu don a samu mai yi da araha. An tara kuɗi da sauri, babu musu. Amma ka tambayi kanka, mai karatu: wanda aka yi wa haka, ranar da gobara ta tashi zai aiko da zanensa?

Duk lokacin da na zo nan sai in tuna Inna. Fura take sayarwa muna yara, kuma ba ta taɓa ajiye nono ya kwana ba. Kowace safiya wata Bafulatana ke kawo mata daga ruga, tafiyar da ba ta gaza awa biyu ba. Inna ba ta da firji, ba ta da asara. Kayanta na zuwa daidai lokacin buƙata, Ohno da kansa zai sara mata. Amma ranar da aka tashi da ruwan sama, kasuwa ta mutu, nonon yana kan wa? Yana kan matar da ta taso tun duhu. Na sha ganin Inna ta karɓi ƙwaryar duka a irin wannan rana, mu sha har mu gaji, sauran a rabar. Na taɓa ce mata, "Inna, ai ba dole, tunda ba ki yi mata alkawari ba." Ta ce, "Shekara nawa tana zuwa? Wane alkawari ya wuce wannan?" Akwai maƙwabciyarmu mai irin sana'ar da ke cewa yau ba na so, ta rufe ƙofa. Ba ta karya doka ba, kuma a lissafin wata ta fi Inna riba.

Nan ne matsayina yake. Dogaro da wani ba laifi ba ne, rashin ajiya ma ba laifi ba ne. Abin da ba na yarda da shi shi ne mutum ya ci amfanin zuwan wani kullum, sannan ranar asara ya tuna cewa shi baƙo ne, ciniki kawai ke tsakaninsu. Na san abin da za a ce: ba wanda ya tilasta wa ƙaramin kamfani, in bai ji daɗi ba ya nemi wani mai saye. Wannan magana tana da ƙarfi inda masu saye suke da yawa. Amma wanda ya ci bashi ya sayi injin da ba ya ƙera komai sai hannun ƙofar mota iri ɗaya, ya gina masana'antarsa kusa da taka don ka ce ya matso, ina zai je? Kai ka san ba shi da wurin zuwa, kuma da wannan sanin kake yanka farashi.

Akwai kuma wani nauyin da ya riga biya, wato sanin wanda kake dogaro da shi. Girgizar ƙasa ta 11 ga Maris 2011 ta nuna wa Toyota kanta cewa ba ta san gindin sarƙarta ba. Masu kawo mata kaya daban-daban, ashe can ƙasa wuri guda suke ɗiba, kamar masana'antar Renesas ta Naka mai ƙera ƴan ƙananan ƙwaƙwalwar lantarki da ke sarrafa mota. Aka yi watanni kafin aiki ya daidaita. Daga nan ta shiga bin sarƙar hawa-hawa tana rubuta wa ke yi wa wa, ta kuma nemi a riƙa ajiye irin waɗannan sassa na wata biyu zuwa shida. Uwar rashin rumbu ta koma gina rumbu. Da ƙarancinsu ya buga duniya a 2021, ta fi sauran jurewa da farko, har ta wuce General Motors a cinikin Amurka a shekarar, abin da wani bai yi ba tun 1931. Duk da haka a watan Satumba sai da ta rage aikinta da kashi 40.

Sai dai wannan sanin don tsaron kai aka neme shi. An bi sarƙa don a gano inda za ta iya tsinkewa, ba lalle don a ga wanda take shaƙewa ba. A 2022 masana'antun Volkswagen da BMW a Jamus suka tsaya don damin wayoyin lantarkinsu a yammacin Yukren ake haɗa su da hannu, sai ga ma'aikata, yawancinsu mata, sun koma aiki tsakanin jiniyar hari da jiniyar hari. Kusan kashi 70 na kobal ɗin duniya, wanda ke shiga batirin motocin lantarki, daga Kwango yake fitowa, kuma tun 2016 ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton yara a ramukan haƙarsa. Waɗannan ba a aika musu zane, ba a ƙara musu kashi 1. Kamfanin da ya iya bin sawun ɗan bawul har hawa na biyar don kada layinsa ya tsaya, da wuya in karɓi uzurinsa idan ya ce bai san wa ke cikin rami ba.

A rana ta goma sha ɗaya kayana suka iso cikin wata motar haya daga Kano, an naɗe ɗan ƙarfen a tsohuwar jarida. Da makanike ya faɗi kuɗin na yi tsalle, na ce wannan ai zalunci ne, abu kamar ƙusa. Ya bar ni na gama, yana goge hannu da tsumma.

"Malam," ya ce, "duba kwalin."

Kwalin ya koɗe, ƙura ta shiga har cikin rubutun.

"Alhajin nan shekara uku ke nan da ya sayo shi ya ajiye a kanta. Ba wanda ya tambaya sai kai."

Na ƙirga kuɗin na miƙa masa, na ƙara na yaron da ya ɗauko daga tasha.